Shekarar da Na Toshe wa Gidanmu Hanci

Da sunan Allah nake farawa, shi da ya san abin da ke bayan kowace katanga. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ku 'ya'yana, musamman kai Sale, wannan takarda taku ce. Rubutuna a karkace yake, na sani. Wanda ya ga kuskure ya gyara a zuciyarsa ya rufa mini baki, don da ƙyar na samu takardar nan wajen fatake, ba ni da wata da zan sake. Kun taso kuna jin ana ce mini Malam Toshe daga gindin dutsen nan har cikin kasuwar Maska. Kun kuma ji dalili daga bakin 'ya'yan wana Audu, su ma daga bakin ubansu suka ji, shi kuwa ya tsame kansa daga labarin tas kamar ranar ba ya gari. To yau ku ji daga bakin mai abin.

Gidan nan da kuke kwana ciki kakanmu Habu ya gina shi, wanda aka sa mini sunansa. A zamaninsa mahara sun matsa wa mutane, doki kuwa ba ya son hawa dutse, sai jama'a suka hauro nan suka kafa bukkoki. Da ƙura ta lafa kowa ya gangara ya koma ginin tubalinsa. Kaka ya ce shi ba ya gina abin da za a riƙa yi wa yaɓe kowace shekara kamar mai ciwon fata. Ya tsaya ya fasa dutse, ya tsinci wanda Allah ya riga ya fasa, ya yi zauren nan zagayayye mai kaurin da babban mutum zai kwanta a kan bangonsa ya yi juyi bai faɗo ba. Ya yi ƙofar a gajarce, kowa ya zo sai ya sunkuya, mai rawani da marar hula. Azarar da ya ɗora ita ce har yau, gara ta zo ta duba ta koma. Da bazara, lokacin da mutanen ƙasa ke narkewa a ɗakunansu, mu har kaji ke shigowa zauren nan su yi barcin rana. Amma babban aikinsa ba zaure ba ne, katangar gangare ce. Da yake gidan a kafaɗar dutse yake, sai ya tayar da katanga ta gefen da ke kallon ƙasa, ya cike cikinta da ƙasa har tsakar gida ta daidaita. Shi ya sa in kana ciki katangar a ƙirjinka take, in ka zagaya waje sai ka ɗaga kai hularka ta faɗi. Babu ƙasa ko kaɗan tsakanin duwatsunta, zaune suke kawai a kan juna. A can gindinta ta waje ya bar kafofi bakwai, kowace dunƙulen hannu zai shiga. Ba rariya ba ce, rariya tana nan daban tana kwashe ruwan da ke gudu a tsakar gida. Waɗannan bakwai su ake ce wa hancin gida.

Babanmu ya rasu da wuri. Wadda ta riƙe gidan ita ce ƙanwarsa, Gwaggo Kande, da ta dawo gida bayan rasuwar mijinta. Ba ta faɗin sunana saboda sunan ubanta ne, sai dai ta ce Babana. Kowace shekara in hadarin farko ya fara haɗuwa, kafin a yi shuka, sai ta ɗebo tulu bakwai na ruwa. Ta bi gindin katangar ta cikin gida, inda aka zuba tsakuwa, ta juye tulu guda a kowane wuri, sannan ta zagaya waje da sauri ta tsuguna gaban hancin da kara a hannu, bakinta na motsi. In ruwa ya ɓullo sai ta ce, ya sha, ta wuce na gaba. Wannan shi ake kira shayar da gida. Tun ina rarrafe nake ganinsa, bai taɓa damuna ba, sai shekarar da na dawo daga Zazzau.

Na tafi karatu wajen wani malami a can, na kai izu arba'in, na dawo gida noman damina da niyyar in koma da kaka in ƙarasa ashirin ɗin da suka rage. Gemu ya fara fito mini. Izu arba'in ne a kaina, amma girman kan na mai sittin ne har da ƙari. Ina sauka na tarar da tsohuwa tsugune gaban rami, ta zuba ruwa tana motsa baki. Ni kuwa na sha jin malam yana faɗa a kan masu zuba wa kuka da tsamiya ruwa da jini don iskoki. Na ce a raina ga shi har a gidanmu. Maimakon in bari mu shiga gida, a nan bakin hanya, mata na wucewa rafi, na tsaya a kanta.

"Gwaggo, wa kike ba ruwan nan?"

"Gida, Babana. Sannu da zuwa. Matsa, ka tare mini haske."

"Gida yana da maƙogwaro ne? Wannan fa shi ne shirka, Gwaggo. Wanda ya mutu a kai ba ya jin ƙamshin Aljanna."

Ta ɗago ta dube ni daga ƙafa har hula. Ta ce, "Baba ya ce kada a bar gidan nan da ƙishi, kada a toshe masa hanci. Shi ke nan abin da aka bar mini."

"To Kaka ya yi kuskure, Allah ya gafarta masa."

"Amin," in ji ta. "Wanda ya yi karatu ai ya fi ni sani."

Na ɗauka na yi nasara. Haka jahilci yake, yana jin an zage shi ya ce an yabe shi.

Yanzu ku buɗe kunne, ga inda 'ya'yan Audu ke tsallakewa. Ubansu dillalin zane ne, kullum yana tsakanin masaƙa da marina a Maska, kuma ya daɗe yana jin zafin tsiyar da ake yi masa can. Su ce ga ɗan kan dutse, su ce gidan arna ne kawai ba a yi wa yaɓe. Da ya ji abin da na faɗa wa Gwaggo sai ya ja ni zaure ya ce wallahi Allah ne ya kawo ni. Ana haka 'yar Gwaggo ta haihu a Gozaki, aka zo aka tafi da ita zaman jego, kwana arba'in. Ƙurarta ba ta kwanta ba Audu ya ɗaura wa jakinsa mangala ya nufi marina. Sawu biyu ya yi yana kawo katsi, wato dattin nan da ake kwasowa daga ƙasan karofi a ƙona. Muka haɗa shi da gashin jima da ruwan dafara muka yi laso, irin wanda ake shafe ramin rini da shi don kada ruwa ya tsiyaye. Ku lura da kyau, abin da aka yi don ya hana ruwa fita shi muka zaɓa. Ni na cusa, shi ya miƙo. Na sake faɗa, shi ya miƙo. Muka toshe bakwai ɗin har tsawon kamu, sannan muka kwaɓa jar ƙasa muka yaɓe katangar gaba ɗaya, muka shafa makuba, har na zana wani ɗan ado a tsakiya. Masu wucewa suka riƙa tsayawa suna cewa ma sha Allah, gidan Habu ya musulunta. Audu ya yi kwana uku yana tafiya kamar an naɗa shi.

Gwaggo ta dawo an yi noman farko. Ba ta ko shiga gida ba, ta tsaya da kayanta a ka tana duban katangar. Ta bi ta da tafin hannu daga wannan kusurwa zuwa waccan.

"Ya yi kyau," in ji ta. "Kamar gawa in an yi mata wanka. Babana, buɗe su."

Na ce ba zan buɗe ƙofar shaiɗan da hannuna ba. Audu ya ce ga rariya nan, ruwa ba makaho ba ne, zai ga hanya. Gwaggo ta sauke kayanta. Ta shiga ta kwance awakinta daga gindin katangar ta mayar da turkensu can sama bayan zaure. Ta kwashe akurkin kaji, da randunanta, har da turmi. Muka yi ta dariya ni da Audu muna cewa tsohuwa na gudun fushin iskoki.

Marka ta zo. Kwana da kwanaki sama ba ta ɗauke ba. Tsakar gidan da muka sani busasshe ko da an kwana ana ruwa, sai ta fara lumewa in an taka, tsutsar tana ta fito ta cika ko'ina. Na zagaya waje na ga yaɓena ya tsage, katangar ta yi ciki. Na gaya wa Audu, ya ce yaɓe ne ke shan iska. Ran nan da hantsi ruwa ya tsagaita, rana ta fito, matan unguwa suka ɗauko tulunansu suka biyo hanyar rafi, wadda kun sani ta ƙarƙashin katangar take bi. Audu kuwa ya shiga makewayi wanka, makewayin da ke jingine da kusurwar. Ina zaure ina wanke allo na ji wani nishi, kamar sa ya kwanta, sannan ƙara. Da na fito, kashi ɗaya cikin uku na katangar ya tafi. Laka da duwatsu sun gangara, rumbun dawarmu ya bi su yana juyi har ya fashe a gonar maƙwabci. Allah ya tsare, matan ba su ƙaraso daidai wurin ba, ko ɗan yatsa ba a rasa ba. Abin da ya rage a tsaye a bakin ramin shi ne Yaya Audu, da soso a hannu ɗaya da ƙwarya a ɗaya, babu bango gabansa, babu zane kusa, mata kusan ashirin a ƙasa sun ɗaga kai. Suka yi salati tukuna, don suna da tarbiyya. Da suka tabbata ba wanda ya mutu sai dariya ta ɓarke, wata har ta saki tulunta. Ƙwaryar nan dai ita ta yi aikin wando ran nan, kuma ba babba ba ce.

Gwaggo ta fito daga ɗakinta, ta leƙa, ta ga awakinta na tuƙa lafiya lau a sama. Ta ce, "To. Ya yi atishawa."

Dariya ta ƙare da aka zauna a zaure. Muka kira maginan ƙasa biyu daga gari, suka duba suka ce su tubali suka gada, wannan aikin aljanu ne. Abin da suka yarda a kai ɗaya ne: in ba a tayar da katangar kafin wata damina ba, ruwa zai cinye tsakar gidan, ɗakuna su bi rumbu, zaure ya bi ɗakuna. Audu, wanda tun ranar bai sake bin hanyar rafi ba, ya ce shi ya gama da dutse. Za a koma Maska, duwatsun a bar wa masu gyaran rijiya su kwasa.

Na ce, "Yaya, mu biyu muka ɓata, mu biyu ya kamata mu gyara."

Ya ce, "Mu biyu da wa? Ni jaki kawai na ba ka aro. Kai ne malami."

Wannan magana tana nan maƙale a wuyana har yau, shekaru sun kasa haɗiye mini ita.

Da aka yi girbi saƙo ya zo daga malaminmu cewa zai tashi da almajiransa zuwa gabas, wanda bai iso kafin ƙarshen wata ba ya nemi wani malamin. Na ɗaure allona, na naɗe buzu, na rataya gafaka. Na ce a raina gida na masu gida ne, ni ga izu ashirin na jirana. Da safe na fito zan yi wa Gwaggo sallama ban same ta a ɗaki ba. Na gangara ta hanyar rafi sai ga ta, tsohuwar da haƙoranta ba su kai goma ba, da gammo a ka da dutse a kan gammon, tana haurowa tana numfashi kamar zuga-zugi. Ta riga ta jera guda shida a gefe.

"Gwaggo, me kike yi haka?"

"Ina mayar wa Baba kayansa."

"Kin san ko duwatsu nawa ne a nan?"

"Ban sani ba, Babana. Ban yi karatu ba. Allah ya kiyaye hanya, ka gaishe da malam."

Ta wuce ni. Da ta zage ni da na tafi da zuciya ɗaya. Na tsaya ina kallon ƙafafunta sirara suna neman wurin takawa. Na sauke gafaka na rataye ta a reshen ɗorawa, na ce kwana goma zan yi in rage mata, in cim ma malam a hanya. Kwana goman nan su ne har yau.

Da na fara tone wurin da ya zube sai na ga abin da ya sa na zauna a laka na riƙe kai. Bayan kowane hanci akwai hanya. Kaka ya shimfiɗa falalen duwatsu, ya tayar da gefe da gefe, ya rufe sama, kamar ɗan ƙaramin soro mai tsawo, ya tafi ƙarƙashin tsakar gida kusan gaba huɗu, an kewaye shi da tsakuwa. Ruwan da ƙasa ta sha, wanda rariya ba ta gani, shi ke taruwa nan ya fita. Ba aljani, ba iska, sai hankalin tsoho ɗaya da bai taɓa riƙe allo ba. Na kira Gwaggo na ce to wannan na gane, amma me take faɗa in ta tsuguna.

Ta ce, "Bisimilla nake yi, sai in fara ƙirga. In na kai arba'in ruwa bai fito ba, wani abu ya shiga ciki, sai in sa kara."

"Ƙirga? Don me ba ki gaya mini ba?"

"Tambayata ka yi, ko wa'azi ka yi mini a gaban matan unguwa?"

Na juya na ci gaba da tonona.

Rani guda muka yi. Sai da na fara sassaƙe lason da na cusa a hancinan da suka rage, kwana huɗu kowane ɗaya, don a duk rayuwata ban taɓa yin aiki mai ƙarko irin wannan ɓarnar ba. Sannan gini. Gwaggo ba ta taɓa ɗora dutse a katanga ba, amma ita ke kawo wa ubanta ruwa tana yarinya, idonta ya riƙe komai. Ta zauna a kan turmi da sanda tana ba da umarni kamar sarkin yaƙi. Kowane dutse yana da fuska da gindi, in ji ta, juya shi har ya gaya maka yadda yake son zama. Ɗaya a kan biyu, biyu a kan ɗaya, kada gaɓa ta hau gaɓa. Doguwar jelar dutse ta shiga ciki, ba ta kwanta a tsawon bango ba. Katangar kuma kada ta miƙe kamar mai taƙama, ta ɗan jingina da gida yadda ɗa ke jingina da uwarsa. In na gama jeri sai ta taso ta zunguri ɗaya da sanda, in ya motsa ta ce, Baba bai yarda ba, sauke. Jerin farko sau uku na sauke shi. Farce biyu na rasa, ga babban yatsan nan da kuke cewa kamar kan ƙadangare. Masu wucewa rafi su ce sannu da aiki Malam Toshe, in yi kamar ban ji ba. Gwaggo kuma ta amsa musu a madadina da fara'a, abin da ya sa sunan ya zauna ke nan.

Hadarin farko ya taso mun ɗora jerin ƙarshe da kwana uku. Ta ce in ɗebo tulu bakwai. Wannan karon ita ta zuba daga ciki, ni na tsuguna a waje, a bakin hanya, inda na yi mata wa'azi, mata na kallo. Na farko ya kawo a sha takwas. Na biyu, na uku, har na shida, duk suka zubo. Na bakwai, wanda ni na gina hanyarsa daga farko har ƙarshe, shiru. Na kai talatin. Na kai arba'in. Gumi ya karyo mini, ina ganin rani guda ya tafi a banza. Na zura kara, na ji abu mai laushi. Sai ga wani ƙaton kwaɗo ya fito yana harara ta kamar na tashe shi daga gadon ubansa, ruwa na biye da shi. Daga saman katanga na ji muryarta.

"Babana, yaya?"

Na ce, "Ya sha, Gwaggo."

"To ka ga har an samu mai gadi."

Malam ya tafi gabas, ban sake ganinsa ba. Shekara ta zagayo aka yi mini aure da uwarku, gona ta riƙe ni, gida ya riƙe ni. Waɗanda muka zauna gaban wuta ɗaya da su yau limamai ne, ana sunkuya musu, ciki har da wanda ni nake gyara wa baƙi. Ni ina nan a izu arba'in, su ma wasu sun tsiyaye. Kada wani ya ce muku ba ya yi mini ciwo. Yana yi, kullum na ji ana saukar karatu sai na rasa abin da ke mini daɗi. Audu ya koma Maska ya gina na tubali, sau biyu damina na kayar masa da shi. Amma duk ranar da aka ce an ga ƙurar mahara, shi da matansa da 'ya'yansa su ne farkon sunkuyawa a ƙofar zauren nan, su ci tuwona, su sha sanyi, su ba 'ya'yana labarin yadda na rushe gidan Kaka.

Kai kuma Sale, ga dalilin da ya sa na ɓata takarda. Ka je Zazzau ka sauke, ka yi abin da ubanka ya kasa, na yanka maka rago da farin ciki. Amma bara da nake shayar da gida na ɗago na gan ka tsaye a bakin hanya, ka harɗe hannu, kana kallon bakina yana motsi. Ba ka ce komai ba, ka fi ni kunya. Na san kallon nan, ni na fara kawo shi gidan nan. Ƙirga nake yi, ɗana. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, jibi za a shayar. Tulu bakwai ne, bayana kuwa ya fara ciwo. Huɗu naka.